Ƙwallon Dabino na Biyar

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, har ta kai kunnen jikoki, wai na kori yayanku Yasir daga Jidda ne saboda ya lalace da kallon resilin, kokawar nan ta talabijin. 'Yar'uwarku Hanan ce ta fi kowa riƙe ta, kuma ban ga laifinta ba, domin ita ce ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka ranar da ya tafi, yarinya kuwa in an ɗauke mata yaya dole ta nemo wanda za ta ɗora wa. Ban taɓa zama na warware muku ba. Mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ta san komai, amma ita ma fushi take yi da ni a lokacin, ba ta ga dalilin da zai sa ta wanke ni ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, bari in faɗa muku yadda aka yi, in ya so ku yanke hukuncinku.

Ku fara sanin cewa ni ɗan gidan kokawa ne. Mahaifina ya yi suna a ƙauyukan yammacin Jibiya, ana gama girbi makaɗa suke zuwa ƙofar gidanmu su tashe shi. Ni ma na ɗaura walki, na kayar, an kayar da ni, kafin in zo aikin Hajji in maƙale a ƙasar nan. Na sha wuya kafin in sami kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mini, mutumin kirki mai babban sito na tayoyi a Khumra, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, na zama mai tuƙa injin ɗaga kaya. A ɗakuna biyun nan na sama a unguwar Hindawiyya aka haife ku duka. Yasir ne na fari, kuma shi ne ya fara nuna mini abin da haihuwa a ƙasar mutane take yi wa uba. In na yi masa Hausa yana ji sarai, amma amsa sai da Larabci. Tun ina faɗa har na gaji na bari.

Shekarar da zai gama sakandare ita ce ta hana ni barci. Yana dab da cika sha takwas, sunansa zai fita daga kan iƙamata, jami'a kuwa ba ta ɗan baƙo ba ce. Ko dai ya sami kafilinsa, ko ya shiga sahun masu jin ƙarar mota su shige lungu. Ana cikin haka aka yi samame a wata kasuwa aka kama Faisal, ɗan abokina Malam Idi tela, sa'an Yasir, haifaffen unguwarmu. Daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka saka shi jirgi sai Kano, daga shi sai jallabiya da silifas. Malam Idi ya zauna a shagonsa yana ba ni labari, allura a hannu ya kasa zura zare, wai yaron ya sauka ko hanyar tasha bai iya tambaya ba. Daga shagon nan na fito da shawarata a yanke: Yasir zai tafi gida da ƙafarsa, da jakarsa, wurin ƙanena Haruna a Katsina, ya yi karatu. Na faɗa masa muna cin abinci.

“Ma abga,” ya ce, wato ba ya so. Ya tsame hannu ya tashi.

“Ba tambayarka na yi ba,” na ce wa bayansa.

Daga ranar ya ɗauke mini wuta. Gaisuwa yana yi, don ya san ba zan lamunci rashinta ba, amma daga ita babu ƙari. Yana dawowa daga makaranta sai ya shige ƙuryar ɗaki gaban wata tsohuwar kwamfuta da kafilina ya ba ni. Ran Alhamis ya tafi wani shagon intanet a Aziziyya ya dawo da faifai a aljihu. Muna daga falo sai mu riƙa jin ihun mutane cikin wani yare da ba Larabci ba, ba Turanci ba. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci mun ci shinkafa, ihun ya ishe ni. Na tashi da farantin dabinon da mahaifiyarku ta ajiye mini, na banka ƙofar ina faɗa, da niyyar in cire wayar abin in jefar ta taga. Wannan faɗan Hanan ta ji, kuma shi ta riƙe har yau.

Abin da na gani ya tsayar da ni. Wani ɗan zaure ne mai rufin kwano, kujerun roba, mata na sayar da abinci a gefe, yara na guje-guje, tamkar dandalin ƙauyenmu in ka ɗebe fitilu. A tsakiya an ɗaga fage an kewaye shi da igiya, ga maza biyu kowa ya rufe kansa ruf da wata hular fuska mai ado. Ɗaya siriri ne kamar bai taɓa ƙoshi ba, ɗaya gajere mai tumbi cikin koriyar hula. Ina tsaye siririn ya sa wa mai tumbin taɗiya, bayansa ya daki ƙasa. Na juya zan fita, sai na ga mutumin ya miƙe sun ci gaba.

“Kai, ai an gama,” na ce. “Bayansa ya taɓa ƙasa. Me kuma suke nema?”

Yasir ya dube ni, ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin maganar Katsina.

“Abuya,” ya ce, wato Baba, “ba haka ake yi ba. Sai an danne shi alƙali ya ƙirga uku.”

“To wannan ai ƙarya ce. Dubi naushin nan, ko ƙuda ba zai kashe ba.”

“Kowa ya san tamsil ne, wasan kwaikwayo. Sun san wanda zai ci tun kafin su hau. Ba wannan ake kallo ba.”

Kokawar da aka san wanda zai ci! Da mahaifina na raye da ya ce a wanke masa kunne. Amma yaron da ya yi watanni bai haɗa mini kalma uku ba, ga shi yana zuba, rabi Larabci rabi Hausar da ta karye a ƙugu. Sai na nemi wuri a bakin katifa na zauna. Ya ce wannan a Meksiko ne, kuma ba irin na manyan kamfanoni da ake nunawa a talabijin ba ne. Ƙananan 'yan wasa ne masu zaman kansu, da rana wani direba ne, wani mahauci, ranar hutu su sa hula su hau fage. Wani ɗan kallo ne ke ɗauka da kyamarar hannu ya saka a intanet, sai masu son abin daga ƙasashe daban-daban su kalla, kowa ya rubuta ra'ayinsa a wani dandali, ya ba wasan taurari daga ɗaya zuwa biyar. Shi ma yana cikinsu, da Turancinsa na makaranta yake rubutawa. Da wasan ya ƙare ya tambaye ni, da 'yar tsokana, tauraro nawa zan bayar. Na dubi faranti, na turo ƙwallon dabino ɗaya gabansa, na ce shi ma albarkacin matar da ke sayar da abinci ne.

Juma'a ta gaba ban jira ihu ya ishe ni ba, na ɗauki farantina na shiga. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, don haka na raɗa musu nawa. Siririn nan na sa masa Fara, saboda ba ya zama a ƙasa, mai tumbin kuwa Tulu. Yasir Fara yake so kamar ya haɗiye shi. Yaron yakan hau kan igiya ta sama, ya juya wa ƙasa baya, ya wuntsila a iska ya faɗo kan abokin wasansa a wajen fage, inda babu katifa sai siminti. In ya yi haka zauren kan ɗauka da ihu, Yasir ma har miƙewa yake yi. Ni kuwa idona ya saba da kallon ƙafa, don a gidanmu an koya mana cewa ɗan kokawa a ƙafarsa ake karanta shi. Na ce ya mayar da faifan baya.

“Bar kallon mai tashi. Dubi Tulu. Ka ga ya matsa taku ɗaya tun yaron bai bar igiya ba? Ka ga ya kafa ƙafar baya, ya sassauta gwiwa? Ba faɗo masa aka yi ba, cafe shi ya yi. Ya tallafe masa ƙeya, sannan ya tafi da shi ƙasa, ya sa nasa bayan ya sha simintin.”

“Esh ya'ani tallafe?” ya tambaya, wato me tallafe ke nufi.

Na ɗauki matashin kai na nuna masa yadda ake tallafe jariri. Na gaya masa abin da kakanku ya gaya mini ranar da na maka wani yaro da ƙasa har kafaɗarsa ta goce, cewa in ka ɗaga mutum sama kaye ya riga ya tabbata, saura kuma ka ajiye shi yadda gobe zai iya zuwa gona. Wannan mai tumbin da kullum shi ake kayarwa, shi ne ɗan kokawar gaske a zauren, don ran yaron nan a hannunsa yake duk tsalle. Yasir ya sake mayar da faifan har sau ba adadi. A makon ya rubuta abin da na ce a dandalinsu, ya ƙara da cewa mahaifinsa tsohon ɗan kokawar Afirka ya ba wasan ƙwallon dabino uku. Ya dawo daga Aziziyya yana haki, wai mutane sun yi ta amsawa, har wani ɗan Meksikon ya ce tsohon nan ya ga abin da su suka daɗe suna faɗa ba a ji. Wasu kuma suka ce a riƙa kawo musu dabinon tsoho kowane mako. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Haka muka ci gaba har shekarar ta yi nisa. Ni ba na sassauta masa, da Hausa tsantsa nake faɗin ra'ayina, shi kuma ba zai iya juya abin da bai gane ba, dole ya tambaya. Mene ne sanɗa, mene ne rinto, me ya raba kaye da faɗuwa. Tun yana tambaya da Larabci har ya koma yi da Hausa, don gardama ba ta daɗi in kowa na kan nasa harshen. Gardama kuwa mun sha ta. Wata rana ya dage sai an ba wani wasa biyar, ni na ce huɗu, na damƙe ƙwallon na biyar a tafin hannu, yana ƙoƙarin ɓamɓare mini yatsu. Mahaifiyarku ta leƙo da ludayi a hannu.

“Malam, da girmanka? Maƙwabta za su ce dambe ake yi a gidan nan. To ku ji, kowa ya ba da huɗu in ya ga dama, amma na biyar sai kun yarda ku biyu, ku sa hannu tare ku ajiye. Halas, magana ta ƙare.”

Dokarta ta zauna. Yasir har a dandalin ya rubuta ta, mutanen suka riƙa tambaya yaushe uba da ɗa za su yarda. Ba mu yarda ba ko sau ɗaya. In ya ce biyar in sami abin kushewa, in na kusa sakin hannu shi kuma ya ce alƙalin wasan ya ɓata shi. Maganar Katsina kuwa tana nan kwance tsakaninmu, ba mai taɓa ta. Ni na ɗauka taurin kai ne kawai irin na gidanmu, kuma na shirya in fi shi.

Ana saura kaɗan ya fara jarrabawar ƙarshe ya zo da wani faifai, fuskarsa ba walwala. Ya ce yau wasan hula ne tsakanin Fara da Tulu. A al'adarsu wanda aka kayar a irin wannan wasa zai cire hularsa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na gaskiya da garinsu, kuma ba zai sake sa ta ba har abada. Sun yi wasa mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Fara ya yi tsallensa mafi nisa, Tulu ya cafe shi kamar kullum, daga baya Fara ya danne Tulu aka ƙirga uku. Ya durƙusa a tsakiyar fage. Wata budurwa, Yasir ya ce 'yarsa ce, ta hau ta kwance masa igiyar hular ta baya. Sai ga dattijo mai sanƙo da furfura, hanci a karye, sa'ana ko ya girme ni. Ya faɗi sunansa, mutane suka miƙe suna jefa tsaba cikin fage, wanda shi ne nasu ƙwallon dabinon. Fara, wanda ya ci, shi ya fi kowa kuka. Na jera huɗu a faranti, na ɗauki na biyar na miƙa wa Yasir hannu don mu ajiye tare. Bai karɓa ba. Idonsa na kan allon ya yi magana, da Hausa tiryan-tiryan, babu kalmar Larabci ko ɗaya sai sunan da yake kirana.

“Shi Fara in zai yi tsalle ya san wanda ke ƙasa. Ya san ƙafarsa, ya san hannunsa. Ni fa, Abuya? Ka ce in juya baya in faɗa. Wa ke ƙasa? Ko fuskarsa ban taɓa gani ba.”

Ashe ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma yaron yana da gaskiya. Ni in na ce Haruna, ina ganin wanda muka yi kiwo tare, muka kwana kan tabarma ɗaya. Shi kuwa murya ce kawai da yake ji a waya ranar Sallah. Na mayar da ƙwallon gefen faranti. Shawarata ban canza ta ba, Faisal yana nan a idona. Abin da na canza shi ne yadda za a yi. Na roƙi kafilina ya taimaka, muka nemo wa Haruna bizar umara, na aika masa cewa ya zo da kansa ya ɗauki ɗansa.

Haruna ya sauka a gidanmu bayan jarrabawa, ya yi makonni. Kun san shi da baki. Juma'ar farko muka zaunar da shi gaban kwamfuta, ya kalla na ɗan lokaci, ya cinye dabinon, ya zuba ƙwallayen a aljihu ya ce ko ɗaya ba zai bayar ba, a kai masa su Jibiya a ga wanda zai kai la'asar. Yasir ya hau gardama da shi, da Hausa, har yana cewa Baba Haruna bai san abin da ake kallo ba. Haruna ya ce to su hau soro ya nuna masa. Muka hau, ga shanyar mahaifiyarku, ga tankin ruwa. Kafin Yasir ya gama gyara tsayuwa Haruna ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi sama cak, ƙafafu na lilo. Na ga idon yaron ya firfito yana duban simintin. Sai Haruna ya sassauta gwiwa, ya tallafe masa ƙeya da tafin hannu, ya kwantar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwaryar nono. Gida ɗaya muka koya. Yasir ya daɗe a kwance yana kallon sama, sannan ya ce a sake. Da daren ya tambayi mahaifiyarsa wace jaka zai ɗauka.

Tare suka tafi, da bizar fita wadda ba dawowa. Kada ku ɗauka abin ya zo mana da sauƙi don ya tafi da yardarsa. Mahaifiyarku ta san ba ni da wata hanya, ta faɗa da bakinta, amma ta daɗe ba ta kai mini dabino da hannunta, sai ta aiko Hanan. Kwamfutar na kasa haɗa ido da ita, na ba wa ɗan maƙwabta, ku kuma kuka ɗauka don ƙin resilin na fitar da ita. Juma'a ta zama mini ranar da ta fi kowace tsawo. Abin da ya fi duka ciwo kun san shi. Da ciwon mahaifiyarku ya tsananta mun nema masa biza, ba ta fito ba sai bayan an kai ta makwanci. Ɗan da ta haifa a unguwar nan sai da ya nemi izinin shigowa ya yi mata addu'a. Wannan yana cikin abin da shawarata ta ci, kuma na san da shi zan tafi kabari. Duk da haka in aka mayar da ni shagon Malam Idi a ranar nan, abin da na yanke shi zan sake yankewa. Yau Yasir yana koyarwa a Katsina, yana fita kasuwa ba ya waiwaye, 'ya'yansa kuma ba wanda zai tambaye su takarda.

Kakar farko bayan tafiyarsa, wata Juma'a da la'asar, wayata ta yi ƙara. Ina ɗauka na ji ganga da sowa, irin wadda rabona da ita tun ina saurayi. Haruna ya kai shi ƙauyenmu kallon kokawa. Yana ɗaga murya don in ji, ya ba ni labarin karon ƙarshe daki-daki, yadda wani baƙin yaro daga hayin Maraɗi ya yi wa zakaran garin sanɗa, ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi, ya ajiye shi ba tare da ya ji masa ciwo ba. Hausa yake zubawa har da karin harshen Katsinawa, ni kuwa ina zaune a falon Hindawiyya hawaye na bin gemuna. Da ya gama na gyara murya na tambaye shi ƙwallo nawa ya ba su.

“Huɗu, Abuya.”

“Wannan duk yabon, huɗu? Me ya rage musu?”

“Ba abin da ya rage musu,” ya ce. “Na biyar sai mu biyu.”